Ni da Yaya Tijjani da Bututu, Zuwa Kwatano

Tun da na dawo ban huta ba. A ofis an tambaye ni, a gidan suna an tambaye ni, matan layinmu na Dukawuya da suka zo yi mini sannu da zuwa ma sai da na ba su labarin sau biyu. Kowa kuma abin da yake son ji daban. Wata atamfa take tambaya, wata ko da gaske ne mata suna tuƙa babur, wata kuma ta ce me zai kai mace mai 'ya'ya uku Kwatano in ba saro ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in tura mata a waya.

Sunana Rabi, ina koyar da lissafi a wata kwalejin horar da malamai, ina kuma karatun digiri na uku, shekara ta biyar ke nan. Malamin da yake duba aikina ya yi ritaya ya koma garinsu, ga rashin lafiya. Aikin kuwa ya kai inda nake buƙatar masani ya kalle shi ya ce mini e ko a'a, in ba haka ba wa'adina ya ƙare ban miƙa komai ba. Ana cikin haka sai ga gayyata zuwa taron mako guda na masu irin bincikena, a kusa da Porto-Novo ta ƙasar Binin, ba nisa da Kwatano. An ba ni minti ashirin in yi jawabi, an ce kuma in zo da babbar taswirar aikina a manna a bango.

Maigida ya ce ya yarda, amma sai da Yaya Tijjani. Shi ne babban wanmu, ya fi shekara ashirin yana zuwa Kwatano saro yadi. Daga firamare ya shiga kasuwa, kuma duk abin da nake yi sunansa ɗaya a wurinsa: ɗige-ɗigen Rabi.

Da ya ga taswirar, mai tsawon tabarma, sai ya girgiza kai.

"Wannan takardar ba za ta kai Zariya da ranta ba."

Ya fita, bai daɗe ba ya dawo da farin bututun famfo, an yanka shi daidai tsawonta, da murfi sama da ƙasa. Muka naɗe ta muka zura. Na ce, "Yaya, ai sai a ce gyaran banɗaki za mu je." Ya ce gara a ce haka da in je gaban manya da tsumma.

Mun ƙi motar dare. Bayan asuba muka kama ƙaramar bas mai zuwa Lokoja. Direba ya ce a ɗaure bututun a sama tare da buhunan albasa, Yaya ya ce sai dai shi a ɗaure shi a can. A ƙarshe ya riƙe shi a tsakanin ƙafafunsa, a tsaye, kamar liman da sandar huɗuba. Duk ramin da muka faɗa sai bututun ya ƙwanƙwasa rufin mota, wata Hajiya mai kayan yaji da ke kusa da ni ta ce "Shigo!" Tun ana dariya har aka gaji, ita ba ta gaji ba har Kaduna.

A Lokoja muka kwana, na ci soyayyen kifin da har yanzu nake tunawa. Washegari muka miƙa Legas, muka sauka a Agege, gidan Alhaji Dauda abokin Yaya. Matarsa Bayarabiya ce, Mama Sikira, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. 'Ya'yanta mata har ƙasa suke durƙusawa su gaishe ka, maza kuma su kwanta rub da ciki. Na ce da zan samu a aiko mini ɗaya ya yi wa nawa darasi. Ta kawo mana amala, wato baƙin tuwon doya, da miyar ganye mai yauƙi. Na tsaya ina kallon baƙinsa, ta ce, "Ke da kike shan miyar kuka za ki raina wa wani launin abinci?" Na ci, na kuma nemi ƙari.

Rana ta uku muka kai iyaka, Seme. Hayaniya ce ta masu babur da masu canji da masu dako, kowa yana jan hannun rigar Yaya. An duba fasfo da katin rigakafi lafiya. Har mun juya sai wani jami'i, dogo, mai furfura a gemu, ya nuna bututun.

"Mene ne a ciki?" ya tambaya da Turanci.

"Ɗige-ɗige ne," in ji Yaya da Hausa, yana waigowa wajena.

"To a buɗe mu ga ɗige-ɗigen," in ji jami'in, shi ma da Hausa tsantsa.

Ashe mutumin Gumel ne. Ya kai mu ofis, muka warware taswirar a kan tebur, aka danne gefenta da buta da takalmin Yaya. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta canja.

"Wannan ba Ƙofar Kabuga ba ce? Ga Dukawuya, ga hanyar Ƙofar Dawanau. Malama, kin zana kowane lungu na cikin birni, kin sa jan ɗigo a wasu wurare, za ki fita da shi ƙasar waje. Me za a yi a inda kika sa jan?"

Ban taɓa kallon aikina da irin idonsa ba. Na miƙa masa takardar gayyata, ya ce ya gani, amma shi bayani yake so, wanda zai gane.

Akwai ƙullin gyaɗa a kan teburinsa. Na ce ya ba ni izini, na kwance na watsa ta a kan wata takarda.

"Yallaɓai, ka ga yadda ta faɗi babu tsari. Yanzu duk ƙwaya biyu da tsakaninsu bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, mu ja layi mu haɗa su. In mun gama za mu sami wani abu kamar raga. In tsawon da muka zaɓa gajere ne, za ka ga tsibi nan, tsibi can, ba su haɗu ba. In muka ƙara shi kaɗan kaɗan, akwai inda za a kai, kwatsam sai duk su zama abu guda."

"Kamar ƙarafunan sabis na waya," in ji shi.

"Su ne ma, yallaɓai. Da hanyoyi, da bututun ruwa, da yadda mura take bin gidaje."

"To jan ɗigon fa?"

Na ce masa kowace raga tana da wasu lambobi nata da ake fitarwa da lissafi, kamar yadda kowace ganga take da muryarta. Mai kunne in ya ji ganga ya san fatar a ɗame take ko a sake, bai gan ta ba. A cikin lambobin akwai ɗaya da in ta yi ƙanƙanta, to ragar tana da maƙogwaro, wato wurin da in ka tsinke zare biyu ko uku sai ta rabe gida biyu. Jan ɗigon su ne maƙogwaron unguwarmu.

Ya sunkuya, ya ɗora yatsa a kan ɗaya. "Nan ba wajen da ake cushewa ba ne in an tashi daga makarantar Islamiyya? Ƙanwata tana aure a bayan nan. A Daidaita Sahu ɗaya in ya tsaya, shi ke nan."

"Nan ne."

Ya yi dariya, ya tattara gyaɗarsa ya ba ni rabi. Da kansa ya taya mu naɗewa. Muna fita Yaya ya ce, "Ashe abin yana da ma'ana. Me ya hana ki taɓa yi mini bayani da gyaɗa?"

Da tsallakawa komai ya juye. Allunan hanya suka koma Faransanci, titi ya yi sumul, ga fetur a manyan kwalabe a bakin hanya kamar zuma. 'Yan acaɓansu suna da riga iri ɗaya mai lamba a baya. Kuma e, mata suna tuƙa babur. Na ga wata da goyo a baya, kwandon abarba a gaba, tana tafe hankalinta kwance. Faransancin Yaya na kasuwa ne, ya iya "nawa", ya iya "ya yi tsada", ya iya "gobe". Da waɗannan ukun ya kai mu har ƙofar masauki.

Masaukin na wasu sistoci ne 'yan coci, tsaf kamar asibiti, da bishiyoyin mangwaro a tsakar gida. Yaya ya koma Zangon Kwatano wajen abokan kasuwancinsa, ni aka ba ni ɗaki. Na nemi buta, babu wadda ta gane. Na yi ta kwatance da hannu, sai wata tsohuwar sista ta ce ta fahimta. Can sai ga ta da butar shayi ta tangaram mai zanen furanni, a kan faranti, har da ɗan kofi. Da ita na yi alwala kwana shida, ina lallaɓa ta kamar ƙwai. Ita ce kuma ta nuna mini gabas, ta ce maƙwabcinsu Musulmi ne, ta san inda yake kallo.

Abinci kuwa, da safe burodi ne dogo mai tauri, in ka buga wa mutum sai ya kai ƙara. Da rana jan tuwon masara da aka dafa da tumatir, da kifi, da barkonon da ya sa na daina yi wa Yarabawa gori. Akwai cukun Fulani da suke soyawa su jefa a miya, shi ya fi yi mini daɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hutun rana. Da sha biyu da rabi ta yi sai a rufe ofis, a rufe kanti, sai wajen uku. Na tuna kasuwar Kwari a irin wannan lokacin, na ce da mutanenmu za su ga wannan sai su ce an yi rasuwa.

Mu wajen arba'in ne a taron, daga ƙasashe daban daban. Shugabar taron wata farfesa ce 'yar ƙasar, gajeriya, mai farin gashi, sunanta Madam Afiyabi. Ta ce mini ma'anar sunan wadda aka haifa ran Juma'a. Na ce a wajenmu Jummai ke nan, ta ce to in kira ta haka. Gaisuwarsu ta sumbatar kumatu ce, mace da namiji. Ran da Yaya ya zo duba ni ta nufo shi hannu a buɗe, sai ya yi wuf ya dafe ƙirjinsa da hannu biyu ya rusuna, yana ja da baya har ya taka tukunyar fure. Ita ma ta dafe nata ƙirjin ta rusuna. Daga ranar haka suke gaisawa, kamar surukai.

Ran Alhamis da hantsi ne jawabina. Yaya ya ajiye kasuwarsa ya zo, cikin babbar riga, ya zauna a kujerar ƙarshe.

Abin da na zo da shi shi ne wannan. Na auna lambar maƙogwaron nan ta lungunanmu. Na kuma sa kwamfuta ta watsa ɗigo barkatai, adadinsu ɗaya da mahaɗar lungunan, ta haɗa na kusa da na kusa, sau da yawa, na auna tasu. Ta unguwarmu ta fito ƙasa da tasu nesa ba kusa ba. Daga nan na yanke cewa ba haka kawai lungunan suka tsiro ba, magabata da gangan suka matse su don baƙo ya kasa ratsa unguwa. Shekara biyu ina ɗauke da wannan magana, ina ji da ita. Na faɗe ta da ƙarfin gwiwa, aka nuna taswira, na gama daidai lokaci.

Madam Afiyabi ta ɗaga hannu.

"Ɗigon da kwamfutarki ta watsa, a kan me ta watsa su? Filin yana da gefe?"

Na ce a'a, na bi yadda aka saba ne, an haɗe gefen dama da na hagu, sama da ƙasa, don kada bakin fili ya dami lissafi.

"Unguwarku fa? In mutum ya fita ta yamma, yana ɓullowa ta gabas?"

Wasu suka yi 'yar dariya. Ta taso ta karɓi alli, ta zana zobe, ta zana miƙaƙƙen layi a gefensa. Ta ce a zobe hanya biyu ce zuwa ko'ina, a layi kuwa ɗaya ce. Yanke zoben kaɗai, ba a taɓa komai ba, yana mayar da lambar wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ta juyo ta nuna taswirata.

"Birninku yana da ganuwa, ga ta nan kin zana da kanki. Kin gwada mai ganuwa da marar ganuwa. Ina tsoron yawancin abin da kika gano, ganuwar ce kawai."

Tun kafin ta ajiye allin na san ta yi gaskiya. Shekara biyu, kuma ni da aka haifa a cikin ganuwar nan ni ce na manta da ita. Na buɗe baki da ƙyar na ce, "Haka ne, Farfesa. Kuskurena ne."

Ɗakin ya yi tsit. Babu wanda ya san inda zai sa idonsa.

Sai tafi ya tashi daga baya. Mutum ɗaya, da ƙarfi, irin tafin gidan biki. Yaya Tijjani ne, a tsaye, hannun riga yana kaɗawa, yana cewa "Madalla! Madalla!" Mutane suka waiga, wani ya tuntsire da dariya, sai ga ɗakin gaba ɗaya ana tafi ana dariya, har da Madam Afiyabi. Ni dai na tattara takarduna na sauko, ina cewa a raina, wayyo Yaya, bai san me aka ce ba, ya ga babbar farfesa ta taso ta yi wa ƙanwarsa rubutu a allo ya ɗauka yabo ne.

Da aka tashi cin abinci na wuce ɗaki, ban yi niyyar fitowa ba. Ko minti goma ban yi ba aka ƙwanƙwasa. Madam Afiyabi ce, da faranti biyu a hannu.

"Jummai ce. Buɗe kwamfutarki, ki ci muna aiki."

Duk hutun ranar nan da nake yi wa tsiya, a kansa muka zauna. Muka zana wa filin ganuwa daidai siffar tamu, muka cire wuraren kududdufai da maƙabarta inda ba a gini, muka sake watsa ɗigon. Ina kallo bambancin da nake taƙama da shi yana narkewa. Amma bai ƙare duka ba. Wani ɗan saura ya tsaya, muka sake gwadawa, ya ƙi tafiya.

Ta cire tabarau ta matso. "Wannan ƙaramin shi ne naki. Me kuke da shi da ɗigon barkatai ba su da shi?"

Na yi tunani na ce lungunan da ba sa ɓullewa. Ka bi lungu ka bi, sai ka tarar da ƙofar gida, shi ke nan. A wajenmu suna da yawa, domin gida ɗaya ne yake rabewa tsakanin magada, kowa ya fitar da 'yar hanyarsa.

"To ki koma ki ƙirga su da ƙafarki, kada ki yarda da hoton sama. Ki bar maganar abin da magabata suka nufa, ba ki da shaida a kai. Ki rubuta abin da kika auna. Ki turo mini babi babi, zan karanta."

Na ce, "Farfesa, na ji kunya yau."

"A nan ɗakin kowa an taɓa yi masa haka. Ni a ƙasar Turawa aka yi mini, kuma babu wanda ya tafa mini."

Taswirar tana ofishinta yanzu, ta ce in bar mata. Ran Juma'a Yaya ya kai ni babban masallacin Porto-Novo, wanda in ka hango shi sai ka rantse coci ne, ga fenti kala kala. Ran Asabar muka shiga kasuwa, kuma masu tambayar atamfa, e, na sayo, amma ba ta sayarwa ba ce.

Dawowa ba wani labari, hanyar da muka bi ita muka sake bi. Sai da muka wuce Zariya, gari ya fara kama da gida, na ga bai kamata in bar shi cikin duhu ba.

"Yaya, ranar nan da ka yi tafi. Matar nan fa ba yabona take yi ba. Kuskure ta nuna mini, babba, a gaban kowa."

Bai ko juyo ba, yana kallon gonaki ta taga.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Rabi, shekara ashirin ina ciniki da mutanen da ba na jin yarensu. Fuska nake karantawa. Tun da ta ɗauki allin nan na ga taki ta zube." Ya gyara zaman hularsa. "Na kuma ga ba ki yi musu ba. Shirun ne ya yi mini tsawo, na ce ba za a bar 'yar gidanmu a tsaye ita kaɗai ba."

Na juya wajen tawa tagar ina gyara hijabi, don kada ya karanta wannan ma.

"An dai gyara ko?" ya tambaya.

"An gyara, Yaya."

"To madalla," in ji shi. Ya jingina da kujera ya rufe ido, bai farka ba sai Na'ibawa.